Shawara ga ƙannenmu masu son koyarwa da harsuna biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙannenmu na Garwa, Marwa da Ngaundere da suka gama bakaloriya (jarrabawar kammala sakandare) suna tunanin aikin malanta, ku duba ɓangaren koyarwa da Faransanci da Ingilishi. Su ne harsunan hukuma a Kamaru, dokar harsunan hukuma ta 2019 ma ta ƙara jaddada daidaitonsu, amma a nan arewa malamin da ke iya riƙe aji da Ingilishi har yanzu nemansa ake yi.

Mai son firamare ya nufi ENIEG, makarantar horar da malaman firamare, inda ake samun takardar shaidar malanta ta CAPIEMP. Mai son sakandare kuwa ga babbar makarantar horar da malamai ta Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne baki. Da yawanmu mun iya nahawun Ingilishi a takarda, amma a ce tashi ka yi bayanin lissafin rabawa ga yara, sai harshe ya sarƙe. Tun kafin jarrabawar shiga, ka tara ƙannenka a zaure bayan la'asar, ka samo allo da alli, ka koyar da darasi guda da Faransanci, gobe ka maimaita shi da Ingilishi. Ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Da kunya da farko, amma nan ne gyara yake.

Kuma don Allah kada ku raina Hausa da Fulatancin da kuka taso da su. Yaron da ya shigo aji ranar farko bai san ko ɗaya cikin harsunan makaranta ba, da harshen gida za ka fara kwantar masa da hankali.