Yadda Ake Rage Kuɗin Data da Kiredit a Wata

Wata innata da ke sayar da koko da ƙosai a Aboabo ta miƙo mini wayarta bayan sallar isha'i, ta ce, "Ɗan nan, duba mini abin nan. Kullum sai na zuba mata kuɗi, kullum tana kukan yunwa." Na buɗe saƙonninta na bi su ɗaya bayan ɗaya: sidi 3 da safe, sidi 3 da yamma, wata rana sidi 5, ga rancen kiredit a tsakani. Na ce, "Inna, sidi 6 a rana sidi 180 ne a wata." Ta yi salati, ta ce ita ba ta taɓa riƙe sidi 180 ta ce na waya ne ba. Haka ne kuwa, da yayyafi kogi kan cika.

Mafi yawanmu a nan Kumasi ba mu sa hannu a takardar kwantiragi da kamfanin waya ba, saya muke yi mu yi amfani, in ya ƙare mu sake saya. Shi ya sa ba mu ganin jimillar. Don haka aikin farko shi ne lissafi. Ka tattara duk abin da ka kashe a data da kiredit cikin kwana 30, daga saƙonnin da kamfani ke turowa ko tarihin asusun kuɗinka na waya. Sannan ka shiga saitunan wayar, wajen da ke nuna yawan datar da aka sha. Zai jera maka manhajoji da abin da kowace ta ci. Rubuta lamba biyu a takarda: sidi nawa, giga nawa. Wanda bai san waɗannan biyun ba, duk garaɓasar da aka tallata masa zai ga kamar ta dace da shi.

Daga nan sai toshe ɓaraka, kuma kada ka sayi komai kafin ka gama wannan. A wayar Inna, WhatsApp ne ɓarawon gida. Tana cikin zauren dangi, da na 'yan adashe, da na makarantar Islamiyya, da na wani biki da aka gama tun bara, kuma duk bidiyon da aka jefa, wayar na sauke shi da kanta ko an kalla ko ba a kalla ba. Wa'azi ɗaya sai ya shigo ta zaure uku. Shiga saitunan WhatsApp, sashen ajiya da data, ka cire alamar saukar da hoto da bidiyo da sauti kai tsaye. A nan ma akwai maɓallin rage data lokacin kira, kunna shi. A Play Store ka sa sabunta manhajoji sai da Wi-Fi. A Facebook ka hana bidiyo tashi da kansa, a TikTok ka kunna tsimin data, a YouTube ka sauko da ingancin hoto zuwa 360 ko 480. A fuskar waya mai faɗin tafin hannu, idonka ba zai ga wani bambancin kirki ba.

Ɓaraka ta biyu ta fi ban haushi. Su ne ƙananan rajistoci da ke cizon kiredit kullum: waƙar da mai kira ke ji, sakamakon ƙwallo, gasar kacici-kacici. Sau da yawa yaro ne ya karɓi waya ya danna wani talla. Mun sami biyu a layin Inna, ba ta san da zamansu ba. Kowane kamfani yana da lambar da ake duba su a soke. A MTN *175# ce. In ba ka san ta layinka ba, kira 100, lambar kula da masu hulɗa ce a duk layukan Ghana, ka ce a karanto maka duk abin da kake ciki, a cire. Kafin ka cire da bayan ka cire, danna *124# ka riƙa lura da ragowar kuɗinka na kwana biyu ko uku.

Yanzu ne za a yi maganar saye. Ƙa'idar mai sauƙi ce: raba farashi da yawan giga, ka ga nawa giga ɗaya ya tsaya maka. Yi wa ƙaramin bandil wannan lissafi, ka yi wa babba. Sau da yawa za ka tarar mai sayen ƙaramin bandil ya fi mai sayen babba biyan tsada a kan kowane giga, kamar dai mai auna shinkafa gwangwani-gwangwani da mai ɗaukar buhu a Kejetia. Abin takaici, marar ƙarfi shi ke biyan tsadar. Mafita ita ce adashen kai: kuɗin da ka saba zubawa kullum ka jure ka tara na mako ɗaya ko biyu, ka sayi babba sau ɗaya. In gidan yawa ne, ku haɗa kuɗi a sayi babban bandil a kan waya ɗaya ko ƙaramar na'urar Wi-Fi, kowa ya jona. Tun da aka soke harajin E-levy na tura kuɗi ta waya a Afrilun 2025, tura wa juna kuɗin karo-karo ya rage ciwo. Sai dai a sa kalmar sirri mai ƙarfi, in ba haka ba samarin da ke shan shayi a ƙofar gida su ma sun shiga adashen ba da zubi ba.

Ka duba wa'adi kafin ka danna. Akwai bandil mai arha da ke mutuwa cikin kwana ɗaya ko mako, akwai wanda ba ya mutuwa sai ka cinye shi. Akwai na tsakar dare, mai kyau ga ɗalibi ko mai sauke manyan abubuwa, amma asara ne ga wanda ke barci tun ƙarfe goma. Kuma kada ka dogara da farashin da ka haddace bara. A Yulin 2025 gwamnati ta sa kamfanonin sun ƙara yawan datar da ke cikin bandil, MTN da kashi 15 cikin ɗari, Telecel da AT da kashi 10. Wanda har yanzu ke danna zaɓin da yatsarsa ta saba bai ma san abin da ke kusa da shi ba.

Rancen kiredit kuwa ka bar shi sai lalura, domin da lada ake cire shi. Masu tallan data mai arhar banza a WhatsApp, a yi hattara: kada ka ba kowa lambar sirrin asusunka, kada ka amince da buƙatar cire kuɗin da ba kai ka nema ba.

In wayarka mai layi biyu ce, raba musu aiki. Tsohuwar lambar da kowa ya sani ta zauna don kira da karɓar kuɗi, ɗayan kuma na data, daga kamfanin da ya fi arha kuma yake kamawa a ɗakinka. Wannan sharaɗi na biyu ya fi na farko nauyi. Ari layin maƙwabci ka gwada a cikin ɗaki, ba a bakin titi ba. In ka ga gaba ɗaya ƙaura ta fi, tun 2011 ana iya sauya kamfani a Ghana ba tare da rasa lamba ba, shi ya sa mai 024 ba lallai ne yana MTN ba. Za ka je ofishin sabon kamfanin da Ghana Card ɗinka, amma ka kwashe kuɗin asusunka ka cinye datarka kafin ka tafi.

Kwantiragin gaske da ke kama mutanenmu shi ne wayar bashi, wadda ake ba da kafin alƙalami sannan a riƙa biya kullum ko mako-mako, in an yi jinkiri a kulle ta. Kafin ka sa hannu, ninka biyan kullum da yawan kwanaki, ka haɗa da kuɗin farko, sannan ka taka zuwa Adum ka tambayi farashin irin wayar kuɗi hannu a shago biyu ko uku. Ka kuma tambaya ko ana rage wani abu in ka biya da wuri, a nuna maka a rubuce.

Inna dai ta koma sayen bandil sau biyu a wata. Zauren bikin bara ne kawai ta hana ni fitar da ita, wai kada uwar amarya ta ga sunanta ya fita ta ce an yi fushi.