Yadda Mazaunin Birni Zai Shirya Wa Ambaliya Tun Da Rani

Abin da ya fi cutar da mazauna birni shi ne auna haɗari da sabo: "ai ruwa bai taɓa shiga unguwarmu ba." Alhali unguwar ta sauya, filin da ke shanye ruwa a da yanzu siminti ne da kwalta. Yi lissafi: ruwan sama milimita 50 a kan rufi mai murabba'in mita 100, lita 5,000 ke nan daga gida ɗaya tak, kuma dole ya nemi hanya.

Fara da gano hanyar tasa. Duba tabon laka da ruwan bara ya bari a jikin katangu, wannan layin ba ya ƙarya. Soket, mitar wutar lantarki da muhimman takardu su koma sama da shi. Sannan ku haɗu da maƙwabta ku yashe kwata tun daga bakin kwalbati, domin wanda ya yashe ƙofar gidansa kaɗai, ruwan maƙwabci zai dawo masa. A kwashe dagwalon nan take, in an tara shi a gefe ruwan farko zai mayar da shi ciki.

Buhun yashi kuwa, nan ake yawan kuskure. Kada a cika shi taf, rabi zuwa kashi biyu cikin uku ya isa, don ya kwanta ya toshe kafa. Shimfiɗa leda mai kauri a bakin ƙofa, ka jera buhunan kamar ginin bulo, kowane na sama ya hau mahaɗar biyu na ƙasa, kana tattakawa. Cikakken buhu dunƙulewa yake yi, ruwa ya bi ta tsakani.

Tanadi ruwan sha lita 4 ga kowane mutum a rana, na kwana 3, tare da tocila da magunguna. Ambaliya na haɗa masai da rijiya, daga nan kwalara ke ɓulla, saboda haka duk ruwan da kake shakka ka tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka.

Kashe wuta daga babban makunni kafin ruwa ya shigo, in har ƙafarka na cikin ruwa kada ka taɓa shi. Kuma don Allah kada ka ratsa ruwa mai gudu: zurfin santimita 15 na kayar da babban mutum, 30 na ɗaga ƙaramar mota, ga ramin kwatar da murfinsa ya tafi ba ka ganinsa.