Gyaran Ma'aunin Nisa a Kan Tsofaffin Kyamarori Masu Naɗewa

Tun da samari suka fara zaƙulo tsofaffin kyamarori daga adakar kakanni, irin masu zugazugin nan da ake ninkewa a jefa a aljihu, kukansu ɗaya ne: ma'aunin nisa ya goce. Ko dai hotuna biyun da ake gani a 'yar tagar sun ƙi hawa kan juna, ko sun hau amma in an wanke fim sai a ga komai biji-biji. Abin haushin, kafin kyamara ta iso hannuna an riga an kwance mata notuna.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a fara da ma'aunin. Malam, ba shi ke ɗaukar hoto ba. 'Yan madubai ne da ke ƙiyasta tazara, lensi ne ke jefa hoto a kan fim. In lensin kansa ya bar mazauninsa, ko ƙarafan da ke tokare shi sun lanƙwashe saboda an saba danne murfi da ƙarfi, ko ka kwana kana juya noti ba za ka sami hoto tar ba. Ni ga yadda nake yi. Sai in buɗe bayan kyamara, in ɗora gilashi mai hazo daidai kan layukan da fim ke kwanciya. In babu, takarda shara-shara irin ta masu zanen gini ta wadatar, muddin an ja ta ta miƙe. In sa shota, wato marfin da ke buɗe wa haske hanya, a B in riƙe don ta tsaya a buɗe, in buɗe lensi har ƙarshe, f/3.5 ne ko f/4.5, in kai zoben saiti kan alamar nan mai kama da takwas a kwance, wato ta nesa ƙwarai, in lulluɓe kaina da baƙin zane, in duba da gilashin masu gyaran agogo. Hoton zai fito kai a ƙasa, haka yake. In abu mai nisa ya fito tangaran a tsakiya da kusurwoyi, lensi lafiya lau, sai a koma kan ma'auni. In bai fito ba, 'yan ƙananan notunan da ke riƙe zoben saiti za a sassauta, a juya gilashin gaba har ya zauna, a mayar da zoben.

Kuma don Allah a daina auna "nesa" da katangar maƙwabci. Lensi mai milimita 75 ko 105 yana buƙatar abin da ke can ƙurya: a nan Zariya, Dutsen Kufena, benen Sanet na ABU in kana hango shi daga nesa, ko doguwar eriyar waya. Eriyar ta fi, don tsayuwarta a miƙe take, gocewa kaɗan ma za ka gani. Ranar da hazo ya rufe gari, ka haƙura ka jira farin wata da dare ka auna da shi.

Kuskure na biyu kuwa ba ya gyaruwa. A cikin ma'aunin akwai wani madubi mai rabin shafe, wanda ke barin rabin haske ya wuce, ya mayar da rabi. Shafen nan a saman gilashin yake, kuma bayan shekara sittin ko saba'in ya yi laushi. Na taɓa bai wa wani mai gyara kyamarata Agfa Isolette III don ya kwance mini noti ɗaya da ya cije. Mutumin kirki ne, da ya ga ƙura a ciki sai ya ƙara mini da alheri: ya sa auduga da sifirit ya goge madubin fes. Da na leƙa tagar, babu hoto na biyu, shafen ya bi audugar. Har da murmushinsa yana nuna mini dattin da ya fitar! Sai da na yi ta cigiyar matacciyar kyamara da zan ciri madubinta. Ƙurar Zariya dai ba ta ƙarewa, to a hure ta da 'yar robar hura iska, a bar ta haka. Madubi mai ɗan duhu ya fi wanda aka kankare.

Wasu kuma ba su san abin da ke hannunsu ba. Isolette III ma'auninta ba ya haɗe da lensi: ka karanta tazara a sama, ka mayar da lambar kan zobe da hannunka. Na ga wanda ya ƙone fim guda, nau'in da ake kira 120, sukutum, hoto 12, yana zagin kyamara alhali bai taɓa zoben ba. Super Ikonta ta Zeiss da Moskva ta Rasha, wadda aka kwaikwaya daga gare ta, gilasai biyu ne ke juyawa a ɗan hannun da ke gefen lensi, yawanci can matsalar take. Mamiya Six kuwa fim ɗin ne ke matsawa gaba da baya, lensi na tsaye.

In zoben Agfa ya ƙi motsi, koren girisinta ne ya daskare. Kada a sa filaya, kada a ɗura man keken ɗinki, zai gangara cikin shota. Man laita kaɗan-kaɗan da haƙuri.

Gocewar sama da ƙasa ba ta ɓata saiti, ido kawai take gajiyarwa, amma ita nake fara gyarawa don notinta yakan ja na gocewar hagu da dama. Sukudireba ta zama daidai bakin noti, ba tsinin wuƙa ba. Juyi kuma ɗan mitsitsi, a leƙa, a ƙara. In nesa ta daidaita, a gwada mita ɗaya da rabi da tef ɗin tela, ana aunawa daga inda fim yake, ba daga bakin lensi ba. In an gama, ɗigon jan farce nake sa wa notin. Sufa gulu kuwa tururinsa farin hazo yake bari a kan gilashi, kuma wanda zai buɗe bayanka sai ya fasa notin.