Yadda Ake Ratsa Tsakiyar Ayislan da Mota

Baƙo kan shiga tsakiyar Ayislan, tsibirin ƙasa a arewacin Turai, yana fargabar dutse mai aman wuta, alhali ruwa ne zai fi ba shi wahala.

Fara da zaɓen lokaci. Hanyoyin tsauni, masu harafin F a gaban lambarsu, ba sa buɗewa sai tsakiyar Yuni zuwa Yuli, kuma wajejen Satumba dusar ƙanƙara takan fara rufe su. Ka ɗauki hayar jif mai ja da tayoyi huɗu, ka karanta takardar inshora da kyau: yawancinsu ba sa biyan ko sisi idan ruwa ya shiga inji.

Sabon shiga ya bi Kjölur, hanya mai lamba 35, wadda ta ratsa tsakanin tsaunukan ƙanƙara na Langjökull da Hofsjökull. Kogunanta duk suna da gada, ga kuma ruwan zafi na wanka a Hveravellir. Wanda hannunsa ya faɗa shi ne zai nufi Askja, dutse mai aman wuta, ta F88. Dutsen ya yi mummunan amai a 1875, kuma ƙasar wurin baƙa ce ƙirin, babu ko ciyawa, har aka kai 'yan sama jannatin Amurka su yi atisaye a can a 1965 da 1967 kafin tafiya wata.

Cika tanki a gidan mai na ƙarshe, ka riƙe guzuri da rigar sanyi. Kowace safiya duba yanayi a vedur.is, ka bar tsarin tafiyarka a safetravel.is. Lambar gaggawa 112 ce.

Sai kogi, irin Lindaá da ke kan hanyar Askja. Ka haye da sassafe, domin rana na ɗagawa ƙanƙara na narkewa, ruwan da ke iya gwiwa da safe ya ƙaru da la'asar. Tsaya ka sauko ka duba. Inda ruwa ya kwanta luf, nan ne mai zurfi. Nemi inda ya baje yana ƙananan tsalle a kan tsakuwa. In ba za ka iya takawa da ƙafa ba, kada ka sa mota. Saka giya ta ɗaya, shiga a hankali kana ɗan karkata inda ruwa ya nufa, ba tsayawa, ba canjin giya. Ni dai na fi son in jira wata motar ta fara hayewa in ga iyakar da ruwa ya kai mata.

Kada ka sauka daga kan hanya ko don ɗaukar hoto. Doka ta hana, akwai tara mai nauyi, kuma sawun taya a kan gansakuka yakan shekara da shekaru bai goge ba.