Kurakuran da aka fi yi wajen saita lantarki a jirgin igiya mai wasan sama

Jirgin igiya ƙaramin jirgin wasa ne da ke zagaya matuƙinsa da ke tsaye a ƙasa, kuma ba shi da rimot. Siraran wayoyin ƙarfe biyu ne ke tsakanin hannun matuƙi da fiffiken hagu, aikinsu kawai ɗaga hanci ko sauke shi. Ƙarfin moto kuwa, da jirgi ya bar ƙasa ya fita daga hannunka; abin da ka saita shi za ka samu har taima, na'urar da ke ƙirga lokacin tashi, ta yanke wuta. Shi ya sa yawancin laifin da ake ɗora wa moto ko ESC, na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa moto daga batir, tun a kan teburi aka yi shi. Abu uku ne ke nuna ko saiti ya yi daidai: daƙiƙun da jirgi ke ɗauka ya zagaya sau ɗaya, yawan mAh (ma'aunin cajin batir) da caja ta mayar wa batir bayan sauka, da zafin kayan. Masu wannan wasa a Bauchi da Gombe suna da ƙarin dalilin kula da na ukun, domin saitin da ake kwafowa daga Turai da Amurka an gwada shi ne a iskar da ta fi tamu sanyi.

Gwamnan da ba a bar masa rara ba

Jirgin wasa yana bukatar gudu ɗaya ko yana hawa ko yana gangarowa. Mai yin wannan aiki shi ne gwamna, kamar dai na janareta: idan kaya ya yi nauyi ya ƙara wuta, idan ya yi sauƙi ya rage, juyin farfela ya tsaya wuri guda. To amma ba ya iya ƙara abin da babu. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma alamarsa a fili take: minti uku na farko jirgi lafiya lau, daga nan sai ya fara laushi, igiya ta riƙa saki a saman kai daidai lokacin da ake zana siffar takwas na sama da ta ganye huɗu, wato ƙarshen jerin wasan F2B, ajin gasar jirgin igiya mai wasan sama.

Lissafin ba shi da wuya. Ka ninka KV na moto, wato juyin da yake yi a minti ga kowane volt, da volt na batir, ka samu iyakar juyinsa ba tare da farfela ba. Moto mai KV 760 a kan batir mai sel 4, wato volt 14.8, iyakarsa juyi 11,248 a minti. Juyin da za ka nema kada ya wuce kashi 80 cikin ɗari na wannan, kusan 9,000. Wanda ya nemi 10,000 a wannan haɗin zai samu a farkon tashi, lokacin da kowane sel yake kusa da volt 4.2, amma da batir ya sauka sai gwamna ya buɗe wuta gaba ɗaya kuma bai kai ba. Gyara biyu ne: ko a koma sel 5, inda iyakar ta zama 14,060, ko a sa farfela mai zurfin murɗa wadda za ta ba da gudun da ake so a ƙaramin juyi. Rage tsawon igiya ko ƙara girman batir ba ya taɓa wannan ciwo.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, su sa moto mai KV 950 a kan sel 6 suna neman 9,500. Nan ESC ce ke shan wahala, don kullum tana datse wuta ƙasa da rabi, sai ta yi zafi. Tsakanin kashi 65 zuwa 80 shi ne wurin zama.

Daga nan sai adadin maganaɗisu. ESC ba ta ganin farfela, bugun lantarki take ƙirgawa, don haka dole a gaya mata maganaɗisu nawa ne a gwangwanin moto. Yawancin motocin wannan girma suna da 14, amma naɗin waya na ciki 12 ne, mutane sai su leƙa su ƙirga naɗin su shigar da 12. Wanda ya yi haka ya nemi 9,500, abin da farfela za ta yi bai wuce 8,150 ba, yana ta mamakin me ya sa jirgi ba ya ja. A duba takardar moto, sannan a tabbatar da na'urar auna juyi.

Gwamna biyu a jirgi ɗaya ma matsala ce. Taimar Hubin FM-9 saƙon ƙarfi kawai take aikawa, gwamnan yana cikin ESC, irin na kamfanin Castle Creations, kuma sai an kunna shi da hannu. Taimar KR, wadda Keith Renecle na Afirka ta Kudu ya ƙera, ita ce da nata gwamnan, tana karanta juyi daga wayar moto, don haka ESC ɗinta a bar ta a tsarin jirgi na yau da kullum. Idan an kunna duka biyun sai su riƙa jayayya, moto yana hawa yana sauka. Irin wannan kukan na hawa da sauka yana kuma fitowa idan an cika wa gwamna kaifi. A rage lambar kaifin mataki ɗaya a sake saurare. Sannan taima daga ESC take cin volt 5, saboda haka ESC mai rubutun OPTO, wadda ba ta da BEC, ɓangaren da ke fitar da wannan volt 5, ba za ta tada ta ba.

Batir: ƙarami ya kumbura, babba ya kashe kusurwa

Ƙa'idar batirin LiPo, irin da ake sa wa waɗannan jirage, ita ce kada a ci fiye da kashi 80 na abin da ke ciki. Batir mai mAh 2,800, idan caja tana mayar masa fiye da 2,240 bayan kowane tashi, ana cinye masa rai, kuma kafin a jima zai fara kumburi. Ma'aunin da ake farawa da shi: cikakken jerin wasa na minti biyar da rabi yana cin kusan wat-awa 21 zuwa 25 ga kowane kilo na nauyin jirgi. Jirgi mai kilo 1.5 zai ci wajen 33. Sel 4 mai 2,800 yana ɗauke da 41, kashi 80 ɗinsa 33 ke nan, ya yi daidai amma babu ragi. Matsakaicin abin da yake ja amp 24 ne, a kusurwa yana iya haura 40, don haka ESC ta kasance ta amp 50 ko sama.

Tsoron wannan ne ke sa wasu su ɗora batir mai mAh 4,000 ko mai C 70 (C lambar yawan wutar da batir ke iya fitarwa ce). Ƙarin giram ɗari da wani abu a jirgin wasa ba ƙaramin abu ba ne. A ƙasan siffar murabba'i da jirgi ke zanawa za ka gan shi, inda jirgi ke zamewa ƙasa maimakon ya karya kusurwa ya miƙe. C 25 zuwa 35 ya wadatar.

Tashin farko ba a yin sa da cikakken lokaci. A sa taima minti ɗaya, a sauka, a taɓa kaya, a yi caji a ga abin da ya koma, a ninka. Sai minti biyu, sai uku, ana sa wasa kaɗan-kaɗan, domin wasa ya fi zagayen kwance cin wuta. Dokar F2B ta ba da minti bakwai har da sauka, don haka babu dalilin barin moto ya wuce minti biyar da daƙiƙa arba'in.

Iyakar da ESC ke yanke wuta idan batir ya yi ƙasa, kada a ɗaga ta da yawa. Wanda ya sa volt 3.5 a sel yana ganin kare batir yake, sai wuta ta ɗauke masa jirgi yana saman kansa, saboda volt yana nutsawa na ɗan lokaci a lokacin ja mai ƙarfi. A sa 3.0 zuwa 3.2, a bar wa taima aikin kare batir.

Batun zafi kuwa, a watan Maris da Afrilu rana a Gombe da Bauchi tana kai digiri 38 zuwa 40, batirin da aka bari a but ɗin mota ko a kan kujerar babur ya riga ya ɗauki zafi kafin ya yi aiki. A ajiye su a inuwa cikin kula marar ƙanƙara. Batir da ya sauko da zafi a bar shi ya huce kafin caji, cajin kuma a C 1, wato amp 2.8 ga mai 2,800, da wayar daidaita sel a haɗe kowane lokaci, a kan siminti, da mutum a kusa. In ba za a tashi ba cikin kwana biyu ko uku, a sauke su zuwa volt 3.8 a sel. Cikakken batir da ya kwana mako a ɗaki mai rufin kwano ya fi wanda ake aiki da shi saurin lalacewa.

Gudu da farfela

Ba a saita gudu da kunne. Wani ya tsaya a waje da agogon waya, ya zaɓi bishiya ko turke, ya auna zagaye biyar ya raba. A igiya mai mita 19 zuwa 20 ana neman daƙiƙa 5.0 zuwa 5.4, wato kusan kilomita 87 a awa, kuma a wannan gudu jirgi yana jan hannu da kusan ninki uku na nauyinsa. Idan ana kusa da juyi 10,000, ƙarin 200 yana rage kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A canza abu ɗaya a kowane tashi. Wanda ya sauya farfela da juyi da tsawon igiya lokaci guda ba zai san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Bauchi tana kusan mita 600 sama da teku, in aka haɗa da zafin bazara iskar ta zama marar kauri. Jirgin da ya yi daɗi da sanyin safiyar hunturu zai yi nauyi a hannu da azahar ɗin Afrilu. Ƙarin juyi 100 zuwa 200 yakan isa, amma a sake duba mAh, don ƙarin ba kyauta ba ne.

Farfelar injin mai tana da kauri da nauyi, ba ta dace ba. A nemi ta lantarki, irin APC 11x5.5E ko 12x6E. Da yawa suna son mai juyin baya, 12x6EP, saboda tana tura hanci waje a kusurwoyin da ake sauke hanci, igiya ta yi tauri a sama. Kuskure biyu ake yi da ita. Na farko, a juya fuskarta baya; rubutun lambar kullum gaba yake kallo, juyin moto ake sauyawa ta hanyar musanya kowane biyu daga wayoyinsa uku. Na biyu, a manta cewa juyin baya yana neman kwance noti, don haka a ɗaure shi sosai a riƙa dubawa. Bayan sauyin kuma dalmar bakin fiffike da wurin fitar igiya za su bukaci sabon gwaji. Farfelar da ba a daidaita nauyin kunnuwanta ba tana cin boris, a taima mai auna motsi irin ta Igor Burger kuwa girgizar tana rikita ta gaba ɗaya.

Ɗauri, wayoyi da iska

A kusurwar murabba'i batir mai giram 280 yana iya zama kamar kilo uku. Mannewa kaɗai ba ta riƙe shi. A sa ɗamara biyu da suka ratsa filawud, da katanga gaba da baya. Ko ya motsa santimita ɗaya, ma'aunin jirgi ya canza. A yi wa wurinsa alama da biro. Tsayinsa ma yana da tasiri: batir da ya yi ƙasa da layin fiffike yana sa fiffiken waje ya karkata daban a tashin daidai da na kife, mutum ya yi ta lanƙwasa filaf a banza.

Sukurorin moto in sun yi tsawo suna taɓa naɗin waya su ƙona shi tare da ESC. A auna zurfin ramin, a ɗiga maganin hana kwancewa. Idan waya ta gaza, a ƙara ta ɓangaren moto. Dogon waya tsakanin batir da ESC yana haifar da tsallen volt da ke kashe kondensar ESC.

Ƙofar fitar iska ta fi ta shiga muhimmanci, kuma ita ake mantawa. Ta kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na ta shiga, in ba haka ba iska ta cushe a hanci ba ta ratsa komai. ESC ta kasance a kan hanyar iskar, ba a naɗe cikin soso ba. Bayan sauka, in ba ka iya riƙe yatsa a jikin moto daƙiƙa biyar, ya haura digiri 60. Daga 80 maganaɗisu ke fara rasa ƙarfi, kuma ba ya dawowa. Gwajin moto a ƙasa kada ya wuce daƙiƙa 15, don a tsaye ya fi jan wuta kuma ba ya samun iska.

Filayen ƙwallonmu na jar ƙasa ne, ƙurar tana da ƙarfe a ciki, maganaɗisu kuma yana tsince ta. A shimfiɗa tabarma ko kwali a wurin tashi, a busa moto bayan kowace fita, a juya shi da hannu a ji ko akwai yashi a ciki. A kunna birkin ESC domin farfela ta tsaya kafin taya ta taɓa ƙasa, a kuma kunna kariyar yawan amp, saboda jirgin da ya kife farfela ta maƙale taima ba ta sani ba, za ta ci gaba da tura wuta har hayaƙi ya tashi.

Moton lantarki yana tashi ba gargaɗi. A sa fulogi a jikin jirgi daga waje wanda sai an cusa shi wuta ke shiga, a ba taima jinkirin daƙiƙa 25 zuwa 30 don a isa mariƙi a sa igiyar tsaro a wuyan hannu, mai taimako kuma ya riƙe jirgi ta baya, ya cire fulogin da zarar an sauka, tun yaran da suka taru kallo ba su iso ba. Kafin tashin farko na rana a gwada igiya da jan da ya kai ninki goma na nauyin jirgi. Igiyar ƙarfe ce mai mita 20 a hannunka, saboda haka filin da wayar wuta ta ratsa ko ta bi gefensa ba filin tashi ba ne, haka nan da hadarin damina ya haɗu a naɗe igiya.