Kurakuran da nake yawan gani wajen buɗe wa AS/400 ƙofa zuwa intanet

Tun da hukumar zakka da haraji ta Saudiyya, ZATCA, ta fara mataki na biyu na Fatoora, tsarinta na rasitin lantarki, a Janairun 2023, tana kiran kamfanoni rukuni-rukuni su haɗa na'urorinsu da nata, manyan 'yan kasuwar Jidda suka tuna da tsohuwar kwamfutar IBM, wato AS/400, da ke ɗakin baya riƙe da duk lissafinsu. Ƙannenmu da dama sun samu aikin fito da manhajojinta, waɗanda aka rubuta da yaren RPG, zuwa intanet ta sabar IBM mai suna IWS, kuma na gaji da ganinsu suna tuntuɓe da dutse ɗaya.

Wanda ya fi ƙona ni shi ne mantawa cewa tsohuwar manhaja tana da riƙo. A koren allon 5250, tsohon allon da ake aiki da AS/400 ta kansa, kowane ma'aikaci da nasa job, wato zaman aikinsa a na'urar, abin da manhaja ta riƙe a ƙwaƙwalwarta nasa ne shi kaɗai. A sabar intanet kuwa job ɗaya kan yi wa mutane da yawa hidima, wannan na fita wancan na shiga. Idan manhajar ta koma ba ta kunna *INLR, alamar da ke sa ta rufe ta saki abin da ta riƙe, ba, ko ta bar wani abu a QTEMP, ma'ajiyar wucin gadi ta job ɗin, na baya zai gāji kayan na gaba. Haka ta faru da ni a wani kamfanin dillancin shinkafa da sukari. Ragin farashin da ake yi wa wani babban dila ya riƙa mannewa a rasitin ƙananan masu shago na Makka. Kwana uku kafin akanta ya lura, ga shi rasitin da ya riga ya wuce ta Fatoora ba a goge shi, sai dai a bi kowanne da takardar gyara. Na sha magana har na ƙoshi. Tun daga nan ba na yarda da *INLR kaɗai: da hannuna nake share komai a farkon kowane kira, ba na taɓa QTEMP, sannan in kira manhajar da lambar kwastoma biyu bi da bi sau ɗari kafin in ce ta nuna.

Na biyu kuma, haba ƙanena! Ka ga saƙon rashin izini, maimakon ka duba abin da aka hana, sai ka ba asusun sabar *ALLOBJ, izinin taɓa komai a na'urar, don a wuce wurin? Ka miƙa makullin gida gaba ɗaya ke nan, har da fayil ɗin albashi, ga duk wanda ya samu kafa. Ni kowace hidima nakan buɗe mata asusunta, in ba ta *USE, izinin amfani kawai, a kan manhajar da take kira, laburaren da manhajar ke ciki kuma *PUBLIC ya zama *EXCLUDE, wato a hana sauran jama'a. Kada ma ka ce min "ai cikin gida ne, ba sai an sa TLS ba". TLS ɗin ne ke ɓoye bayanai a hanya. Shiga DCM, wurin kula da satifiket a na'urar, ka ɗora satifiket, kada ka sauka ƙasa da TLS 1.2, ka rubuta ranar ƙarewarsa inda idonka zai riƙa gani.

Ka kuma tuna koren allon nan shi ne maigadi, shi ke hana a rubuta harafi a gurbin lamba. Yanzu babu shi. Shara na shiga gurbin lamba sai saƙon kuskure na MCH1202, job ya tsaya a MSGW, wato yana jiran amsar da babu mai ba shi. Tace duk abin da ya shigo, ka kewaye kiran da MONITOR, umarnin RPG mai kama kuskure.

Sunayen Larabci na fitowa a hargitse? Yawanci CCSID, lambar da ke nuna tsarin haruffan fili, 65535 ce, wadda ba ta juya haruffa sam. Bayyana 420, CCSID ɗin Larabci, a kan filayen Larabcin domin su juyu zuwa UTF-8, tsarin haruffan da intanet ta fi amfani da shi, sannan ka sa mai karanta Larabci ya duba ko kalmomin ba su kife ba.

Jerin laburare ma ka rubuta shi ƙarara lokacin kafa hidimar, in ba haka ba wata rana sabar gaske za ta karanta fayilolin gwaji.