Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen mayar da sabar CI kan kunshin Debian

Duk aikin manhaja da ya kwana biyu yana da wata sabar da ke jawo sabon lambar da aka tura, ta gina, ta gwada, ta faɗa wa mutane ko an fasa wani abu, ita ake kira sabar CI. Yawanci wani ne ya kafa ta shekarun baya da `pip install`, umarnin shigar da kayan Python, ko ya sauke wani fayil ya warware a `/opt`, sannan ya tafi abinsa. Sai wata rana masu aikin su gaji da sabunta ta da hannu, su ce a mayar da komai kan kunshin da Debian ke kawowa, domin `apt`, mai shigar da kunshin Debian, ya riƙa kawo gyaran tsaro da kansa. Shawara ce mai kyau, ni ma ita nake bayarwa. Amma kurakuran da ake yi a hanyar ba sa canzawa, kamar an rubuta wa kowa takarda ɗaya. Zan ɗauki Buildbot, ɗaya daga cikin manhajojin CI, a kan Debian a matsayin misali, domin shi ne yake cikin rumbun Debian kansa, da kunshin `buildbot` da na `buildbot-worker`.

Kafin komai, masu Jenkins, wata manhajar CI ɗin, su sani: Jenkins ba ya cikin rumbun Debian na yanzu. In ka ƙara adireshin rumbun Jenkins a `sources.list` ka shigar da shi da `apt`, kunshin masu Jenkins ka ɗauka, jami'an tsaron Debian ba su san da zamansa ba. Ba laifi ba ne, amma kada ka rubuta a takardar aiki cewa an koma kunshin Debian.

Babban kuskure na farko shi ne rashin duba lambar siga. Mutane suna ɗauka cewa sabuwar na'ura na nufin sabuwar manhaja. A Debian abin yakan zo a juye. Ana daskarar da kunshin watanni kafin fitowa, kuma sigar da ta shiga ita za ta zauna har ƙarshen rayuwar fitowar. Debian 12 ta fito a watan Yunin 2023, Debian 13 a watan Agustan 2025, wato kusan shekara biyu tsakani. Wanda yake jan Buildbot da pip a kai a kai, tabbas ya sha gaban abin da ke cikin rumbun. Ashe komawa baya za a yi, ba ci gaba ba.

Me zai hana a koma bayan? Rumbun bayanai. Buildbot yana ajiye tarihin gine-gine da lambobinsu da sakamakonsu a `state.sqlite`, ko a PostgreSQL in an haɗa shi da shi. Duk lokacin da aka ɗaga siga aka gudanar da `buildbot upgrade-master`, tsarin teburan yakan canza, kuma hanyar gaba kawai take bi, babu umarnin da zai mayar da ita baya. Ka kwafi rumbun da sabuwar siga ta taɓa, ka miƙa wa tsohuwa, ba za ta tashi ba. Za ta yi ƙorafi kan tsarin rumbun, kai kuma ka sake buga `upgrade-master` kana jira ya yi abin al'ajabi. Daga nan ne wasu ke buɗe rumbun da hannu su sauya lambar tsarin don su yaudari manhajar. Kada ka kuskura. Za ta tashi, ta yi kwanaki tana aiki, sannan ta faɗi ranar da ta nemi wani ginshiƙin tebur da aka sauya wa suna.

Maganin ba ya cin minti biyu. A tsohuwar sabar ka buga `buildbot --version`, a sabuwar ka buga `apt-cache policy buildbot`, ka ajiye lambobin gefe da gefe tun kafin a sa ranar ƙaura. In ta Debian ta fi ko sun yi daidai, alhamdulillahi, ci gaba. In ta gaza, zaɓi uku ne: ka daina ɗaga ta pip ka jira fitowar Debian da za ta kamo ka, ko ka duba ko akwai sabuwa a backports (rumbun da Debian ke zuba sababbin sigogi don fitowar da ta riga ta fito), ko ka haƙura da tarihin ka fara da rumbu fanko. Ni na fi son na farko. Wanda ya zaɓi na uku ya tuna cewa lambar gini za ta koma 1, kuma in sunan fayilolin da ake fitarwa yana ɗauke da lambar gini, sababbi za su hau kan tsofaffi su shafe su. A sa lambar commit ta git a sunan fayil tun kafin a taɓa komai. Haka kuma `master.cfg`, fayil ɗin saitin Buildbot, da aka rubuta da sababbin dabaru ba lalle tsohuwar siga ta gane shi ba, don haka a gudanar da `buildbot checkconfig` a sabuwar na'urar, da sigar Debian, ba a kwamfutarka ba.

Game da kwafin rumbun: kada a yi `cp state.sqlite` alhali sabar tana gudana. Akwai bayanan da ke zaune a `state.sqlite-wal` ba su shiga babban fayil ba tukuna. A tsayar da ita da `buildbot stop --clean`, wanda ke jiran gine-ginen da ke kan hanya su ƙare, sannan a kwafa. Masu PostgreSQL su yi `pg_dump`, kada su ɗauki babban fayil ɗin bayanan ɗungurungum, domin Debian 12 na da siga 15, Debian 13 na da 17, kuma ba sa karanta fayilolin juna.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi ɓata min rai, domin yana rushe dalilin ƙaurar gaba ɗaya: barin tarkacen pip a kan na'urar. Ka shigar da kunshin Debian, `dpkg -l` ya nuna maka shi, ka sanar da jama'a an gama. Alhali `sudo pip install` na shekarun baya ya zuba kayansa a `/usr/local/lib/python3.11/dist-packages`, kuma Python yana leƙa can kafin ya leƙa `/usr/lib/python3/dist-packages` inda apt ke ajiye nasa. `/usr/local/bin` ma yana gaban `/usr/bin`. Sakamakon haka, abin da ke gudana shi ne tsohon na pip, ko abin da ya fi muni, gauraye: Buildbot na Debian a kan Twisted na pip da SQLAlchemy na wata shekara daban, kayan Python ɗin da Buildbot ya dogara a kansu. Debian za ta fitar da gyaran tsaro, apt ya shigar, ya ce komai lafiya, amma fayil ɗin da aka gyara babu mai karanta shi. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, malam. Ko apt ne mai iko da manhajar, ko pip, ka zaɓa.

Abin haushin shi ne Debian ta yi ƙoƙarin hana wannan. Tun daga Debian 12, in ka buga pip a wajen venv, wato keɓaɓɓen wurin zuba kayan Python, zai ƙi, ya ce maka apt ke kula da wurin. Sai mutum ya je intanet ya samo `--break-system-packages` ya liƙa a ƙarshen umarnin. Sunan zaɓin da kansa yana gaya maka zai fasa kunshin na'urar, amma ka rufe ido ka danna. Wani ma har ya goge fayil ɗin `EXTERNALLY-MANAGED` don kada a sake damunsa. Wanda ya yi haka a sabar da ke riƙe da makullan sa hannu na aikin jama'a, bai kamata a bar masa `sudo` ba.

Ga yadda nake bincikawa. `type -a buildbot` zai nuna duk inda sunan yake, na `/usr/bin` kawai nake so in gani, da na `/bin` wanda hanya ce zuwa gare shi. Sannan, da sunan mai amfani `buildbot` ba da naka ba, ka buga `python3 -c "import twisted; print(twisted.__file__)"`, ka maimaita da `buildbot` da `sqlalchemy`. Duk hanyar da ta fito ka miƙa wa `dpkg -S`. In dpkg ya ce bai san ta ba, ka kama ɓarawon. Kada ka manta da `.local/lib` da ke cikin gidan mai amfani `buildbot`, can ma pip ke ɓoye kaya. Abin da ya fi duk wannan sauƙi shi ne kada a yi ƙaurar a kan tsohuwar na'ura ko kaɗan. Sabuwar na'ura, Debian tsaf, ba abin da aka gada.

To, in akwai abin da Debian ba ta kawo ba fa? Wannan na faruwa, musamman da shafin da ake duba gine-gine, wanda kunshi ne daban mai suna `buildbot-www`, da sauran ƙananan ƙari irinsa. Ka fara nema da `apt-cache search`, domin yawancin kayan Python suna nan da suna mai farawa da `python3-`. In babu, al'adata ita ce venv guda ɗaya da `--system-site-packages`, a shigar da abin da ya rage kawai da `pip install --no-deps`, a ɗaure lambarsa daidai da ta Buildbot ɗin Debian. Wannan `--no-deps` shi ne zuciyar maganar, in ba shi pip zai iya jawo nasa Buildbot ɗin ka koma gidan jiya. Ka rubuta jerin abubuwan a cikin git kusa da `master.cfg`, saboda ranar da za a haura Debian 13, Python zai tashi daga 3.11 zuwa 3.13, venv ɗin ya mutu, dole a sake gina shi.

Wasu kuma in sun ga sigar ta tsufa sai su ƙara rumbun testing ko sid, rassan Debian da ake kan gwadawa, a kan stable, fitowar da aka kammala, don jawo kunshi ɗaya. Kunshi ɗayan zai zo da sabon Python da sabon libc, kafin ka ankara rabin na'urar ta bar stable. In dole ne, backports da `apt install -t bookworm-backports` (bookworm shi ne sunan Debian 12), shi ke nan.

Sai batun mallakar fayiloli. Kunshin yana ƙirƙirar mai amfani `buildbot` da lambar da ta samu, wadda ba lalle ta yi daidai da ta tsohuwar na'ura ba. Bayan `rsync` a yi `chown -R` a kan duk abin da aka kwaso. In ba a yi ba, git zai ƙi taɓa ma'ajiyar lambar, domin tun daga siga 2.35.2 ta 2022 yana ƙin ma'ajiyar da wani mai amfani daban ya mallaka. Mutane sukan toshe bakinsa da `safe.directory` mai alamar tauraro. Gyara mallakar ya fi. Makullan SSH da `known_hosts` su ma suna cikin gidan tsohon mai amfani, ba sa biyo `master.cfg`. Ka shiga da `sudo -u buildbot` ka gwada `git ls-remote` da hannu sau ɗaya, ka amsa tambayar amincewa da sabar, in ba haka ba ginin farko zai faɗi a matakin jawo lamba. In ɗaya ɓangaren tsohuwar na'ura ce, ka tuna OpenSSH ya daina karɓar sa hannun `ssh-rsa` mai SHA-1 tun siga 8.8.

Kada a gyara fayil ɗin systemd da kunshin ya kawo a inda yake, sabuntawa ta gaba za ta shafe gyaran ba sallama. `systemctl edit` ake yi, kuma in `ExecStart` za a canza, sai an fara sa layin `ExecStart=` fanko. A nan ne kuma za a sa `LANG` da `PATH`, domin abin da systemd ya tayar ba ya karanta `.bashrc` ɗinka. Gwajin da ke wucewa a hannunka amma yana faɗuwa a CI kan haruffa irin su ƙ da ɗ, sau da yawa daga nan matsalar take.

Akwai wani kuskure na dabara da ƙwararru ma ke faɗawa: sauya sabar da sauya kayan gini a rana ɗaya. In ma'aikacin gini, wato `buildbot-worker` da ke yin ginin da uwar sabar ta turo masa, yana kan na'urar da aka sabunta, GCC mai harhaɗa lambar C ya tashi daga 12 zuwa 14 tsakanin Debian 12 da 13, kuma GCC 14 yana ɗaukar kiran aikin C da ba a bayyana shi ba a matsayin kuskure, ba gargaɗi ba. Washegari komai ya yi ja, ba wanda ya san ko ƙaurar ce ko lambar ce. A fara matsar da uwar sabar, a bar tsofaffin ma'aikata su haɗu da ita ta tashar 9989 kamar yadda suka saba, a ga kore na kwana biyu ko uku, sannan a sauya ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya. A Debian 13 kuma `/tmp` yana cikin ƙwaƙwalwar RAM, iyakarsa rabinta, don haka ginin da ke zuba manyan fayiloli a can a nuna masa wani wuri da `TMPDIR`.

Sabuntawar kai-tsaye ita ce ribar da aka zo nema, kada a kashe ta. Amma `unattended-upgrades` mai shigar da sabuntawa da kansa, da `needrestart` mai sake tayar da sabis bayanta, za su iya sake tayar da sabis a tsakiyar ginin awa biyu. Ni nakan bar gyaran tsaro ya shiga, in hana `needrestart` taɓa Buildbot ta wani ɗan fayil a `/etc/needrestart/conf.d`, in sake tayarwa da kaina bayan `stop --clean`. `apt-mark hold` ba magani ba ne, mantawa ake yi da shi shekara guda.

Ranar sauyawa, a kashe tsohuwar sabar da `systemctl disable --now`, ba tsayarwa kawai ba, a kuma duba crontab ko akwai layin `@reboot` da ke tayar da ita. Sabar biyu masu riƙe da makulli ɗaya za su fitar da ginin dare sau biyu, kowacce tana shafe na 'yar'uwarta. A gyara adireshin webhook a GitHub ko GitLab, wato inda suke aika sanarwar sabon commit, a gyara `buildbotURL`, a tura ƙaramin commit a ga ya tayar da gini da kansa. Faifan tsohuwar na'urar kuwa a ajiye shi a kashe na wata guda aƙalla, har sai ayyukan ƙarshen wata da fitowar siga ɗaya sun wuce ta sabuwar.